Tantancewar CIS: tana riƙe gyara bayan shugaban makaranta ya tafi?

Duk wanda ya san makarantun ƙasa da ƙasa ya san ciwonsu. Malamin da aka ɗauko daga waje yawanci kwantiragin shekara 2 yake sa wa hannu, shugaban ma ba ya daɗewa. Ya zo da sabon tsari, a yi ta taro, kafin abin ya kama ƙasa ya tattara ya tafi, magajinsa ya faro daga tushe. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna hidimar tantancewa ta Council of International Schools, wato CIS, ƙungiyar da ke duba ingancin irin waɗannan makarantu ta ba su shaida, mai ofis a birnin Laiden na ƙasar Holan.

Aikin zagaye ne na shekara 5. Bayan makaranta ta zama mamba, ana yi mata ziyarar share fage, sannan ta shiga binciken kanta, wanda kan ci shekara guda ko fiye. Ana raba ma'aikata kwamiti-kwamiti: manufa, shugabanci, manhaja, koyarwa, walwalar ɗalibai, ma'aikata, gine-gine, hulɗa da iyaye, da ɓangaren kwana idan akwai. Iyaye da ɗalibai da malamai su cike takardar jin ra'ayi. Daga nan tawagar malamai da shugabanni daga wasu makarantu ta zo ta yi kusan mako, ta shiga azuzuwa, ta rubuta rahoto. Makaranta kuma ta riƙa tura bayanin ci gabanta duk shekara.

Wannan bayanin na shekara-shekara shi ne ƙashin bayan hidimar, kuma don shi nake ganin ta cancanci kuɗinta. Shawarar da tawaga ta rubuta bashi ce a kan makaranta, ba a kan mutum ba. Sabon shugaba ya tarar da ita a teburinsa, dole ya ba da amsa. An fi ganin amfanin haka a kare yara daga cin zarafi, fannin da aka tsaurara tun da aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa kan lamarin a 2014. Binciken tarihin ma'aikaci kafin a ɗauke shi, da sanin wa ake kai wa rahoto, sun zama abin da ba ya bin kowa filin jirgi.

Inda abin ke lalacewa, galibi daga makarantar ne. Sai a ɗora binciken a kan mutum ɗaya mai iya rubutu, hujjoji su taru a kwamfutarsa, ya tafi da su. Ko a yi wa tawaga kwalliya: a manna manufar makaranta a kowane bango ana saura mako 2, a shirya darussa na musamman, baƙi na fita a koma gidan jiya. Mako guda ba ya isa a gano duk irin wannan, kuma nan ne raunin tsarin. Ga kuɗi: harajin mamba, tikiti da masaukin tawaga, da sa'o'in malamai da ba a cika lissafa su ba.

Makarantar da ke son gyaran ya zauna, ta sa malaman gida su jagoranci kwamitoci, domin su ne ke nan bayan shekara 10, amma su aka fi mantawa. Daga shawarwarin rahoto a zaɓi 3 ko 4 kawai, kowacce da sunan muƙamin da zai kula da ita, da layinta a kasafin kuɗi, da ranar da hukumar gudanarwa za ta duba. A ajiye hujjoji a rumbun makaranta na intanet. Kuma kafin a ɗauki sabon shugaba, a ba duk mai neman kujerar rahoton ƙarshe ya karanta, a tambaye shi wace shawara zai fara ƙarasawa.