Ajin Aristo na WhatsApp da na shiga: dubu ukuna ba su tafi banza ba

Jama'a barkanmu da war haka. Wasu sun ta tambayata a inbox kan ajin nan na falsafa da wani malamin jami'a ke yi ta WhatsApp nan Sakkwato, sati shida munka yi, naira dubu uku, to ga abin da na gani.

Ni POS nike yi a Mabera, kuma gaskiya da tsoro na shiga don an sha ce muna falsafa na gurɓata aƙida. Darasin farko Malam ya kawo tarihin Aristo, mutumin Girka da anka haifa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa, almajirin wani babban masanin falsafa da ake ce ma Aflatun, kuma malaman musulunci na da irin su Farabi da Ibn Rushd sun yi ta sharhin maganganunai har ana ce mai malami na farko. Nan hankalina ya ɗan kwanta.

Abin da ya riƙe ni shi ne furonesis, Malam ya ce mu kira shi sanin ya kamata kawai. Wai kowane hali nagari tsakanin ɓarna biyu yake, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci, jarumta tsakanin tsoro da ganganci, amma ba wanda zai auna maka tsakiyar da mudu, sai ka dubi wa ke gabanka, wane lokaci ne, mi zai biyo baya. Har Aristo na cewa yaro kan gwanance a lissafi amma wanga sani sai an sha gwagwarmayar duniya.

Sai Malam ya jefo maganar ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ya ce masu POS ku yi magana. Wallahi jikina ya yi sanyi, don lokacin ni ma na tsawwala caji ina cewa ai sayen kuɗin nike yi, kuma gaskiya ne ina saye, amma tsohuwar da taz zo cirar dubu biyar na magani da ɗan kasuwan da ke cirar dubu ɗari duk awo ɗaya na yi musu. Kwana biyu muna muhawara a guruf, bai ce wane ya yi daidai ba, tambaya yake ƙara maka har ka gano da kanka. Haka munka yi muhawara kan tura bidiyon gawarwaki in an kai hari ƙauye, da kuɗin da anka turo asusunka bisa kuskure.

Inda zan yi ƙorafi, Malam don Allah a rage tsawon saƙon murya, minti arba'in na cin data, kuma Turanci na yawa wani lokaci, akwai 'yan kasuwa cikinmu da ba su yi boko mai zurfi ba. Sannan matan ajin ba a cika ba su dama su ƙarasa magana ba.

Duk da haka in anka buɗe zagaye na biyu zan koma, har na biya ma ƙanena da ke tsare min shago.