Wace manhaja za ka ɗauka in kana son bakgirawun mai maimaita kansa?

Masu koyon animeshon na yanar gizo suna yawan tambayar wace manhaja ce ta fi wajen yin zanen baya, wato bakgirawun, wanda ke maimaita kansa, irin ɗan guntun zane ɗaya ya cika allo gaba ɗaya kamar zanen atamfa. To kafin ka cire kuɗinka ka fara sanin inda aikin zai je, don shi ne zai raba gardama.

Adobe Animate dai shi ne tsohon Flash, a 2016 aka canza masa suna. Yadda ake yi a ciki ba wuya, ka shigo da hoton, ka danna Ctrl+B ka farfasa shi, daga nan ya zama kamar fenti, duk akwatin da ka zuba masa zai jera kansa har ya cika, in ya yi girma ko ƙanƙanta ka gyara da Gradient Transform. Amma fa ka buɗe aikin a HTML5 Canvas tun farko, Flash Player ya mutu tun ƙarshen 2020, burauza ba ta buɗe SWF, wato fayil ɗin Flash, yanzu. Matsalarsa kuɗin wata-wata ne kuma da dala, kai da kake biya da naira ka san yadda abin yake. In kana zana mutane masu motsi da tafiya da magana to ya cancanci kuɗinsa, amma don bakgirawun kawai wallahi asara ce.

After Effects yana da Motion Tile, ifek ɗin da ke jera zane ya maimaita kansa, kuma yana da daɗin aiki sosai in bidiyo za ka fitar. Inda mutane ke shan mamaki shi ne in sun zo fitar da Lottie (ƙaramin fayil ɗin animeshon na yanar gizo da waya) ta Bodymovin (ƙarin manhajar da ake sa wa After Effects) sai su ga zanen ya ɓace, saboda Lottie ba ta ɗaukar irin wannan ifek ɗin, sai dai ka gina da shef leya (shape layer) da Repeater mai maimaita siffa, shi ma ka gwada a waya kafin ka miƙa wa mai aiki.

Tumult Hype sau ɗaya ake saye, amma sai Mac. Google Web Designer kyauta ne, ya fi karkata ga masu yin banar talla.

Ni kam abin da nake ba mutane shawara shi ne su haɗa ɗan guntun zanen, wato tayil, a Inkscape ko GIMP, duka kyauta, sannan su bar CSS, harshen tsara kamannin shafin yanar gizo, ta jera shi da background-repeat, in ana son ya riƙa tafiya a motsa background-position. Fayil ɗaya ƙarami ne burauza za ta sauke, mai buɗewa da ƙaramar waya ba zai ga datarsa na zurarewa ba.

Kuma ko wace manhaja ka saya ba za ta rufa maka asiri ba in tayil ɗin bai haɗu a gefe ba. A GIMP ka danna Shift+Ctrl+O ka tura hoton rabi a kwance rabi a tsaye, gefunan za su dawo tsakiya, nan za ka ga layin ɗinkin ɓaro-ɓaro kamar gicciye, sai ka goge shi a hankali. Wajen motsi ma haka, in faɗin tayil fiksel 200 ne to tafiyar ta zama 200 cif ko 400, in ka sa 190 duk sanda ya zagayo sai ya yi ɗan tsalle, mai kallo zai lura ko bai san dalili ba. Ka kuma sa gudun ya zama linear, wato gudu bai ɗaya, ban da ease, in ba haka ba zai riƙa rage gudu yana sake tashi a kowane zagaye.