Gyaran ACL a rauta: a goge a sake liƙawa, ko a bi lambar layi?

Ɗan'uwa da ya tambaya jiya, wai yana so ya cusa layi ɗaya a tsakiyar ACL 101 (ACL jerin dokoki ne dake faɗin bayanan da za a bari su wuce da waɗanda za a hana, 101 lambarsa ce) a rautar Cisco, ya kwafe a Notepad ya goge ya sake liƙawa ne ko akwai wata hanya. Toh akwai, ta bin lambar layi, duka biyun suna aiki amma ba ɗaya bane.

Ta Notepad ita muka fara koya. Matsalarta in ka buga no access-list 101, ko da ka haɗa da layin da kake son cirewa, jerin gaba ɗaya ne zai tafi. Intafes kuma, wato ƙofar rautar da aka ɗora wa ACL ɗin, yana nan riƙe da 101 da babu shi, kowa wucewa yake ba mai tambaya. Kana liƙa layin farko sai deny ɗin nan na ɓoye dake ƙasan kowane ACL, mai hana duk abin da ba a bari ba, ya farka, in layin bai bar SSH ɗinka ba, wato hanyar da kake shiga rautar daga nesa, shikenan ka rufe kanka a waje. Ni ya taɓa faruwa dani, ina Tudun Wada ina gyara rautar wani kafe a Samaru allo ya tsaya cak, sai da na hau keke da kebul ɗin konsol na jonawa da rautar kai tsaye a aljihu, mai kafe sai kira yake ɗalibai sun cika masa shago.

Ta biyun kuwa, ka buga show access-lists zaka ga kowane layi da lambarsa, 10, 20, 30. Ka shiga da ip access-list extended 101, kana son sabon layi tsakanin 10 da 20 sai ka fara shi da 15, cire na 20 kuma no 20 kawai, sauran ko gezau. Lambobi sun cunkushe? ip access-list resequence 101 10 10 zai sake jera su daga 10, tazara goma goma. Amma ka lura da inda ka ajiye sabon layin, rauta daga sama take karantowa, layin da ya fara dacewa shi take bi, permit (layin bari a wuce) dake ƙarƙashin deny mai faɗi aikin banza ne.

Don layi ɗaya malam bi ta biyun. Notepad sai in zaka sake fasalin jerin duka, ko nan ma gina 102 daban ka gama, sannan ip access-group 102 in a intafes ɗin. In daga nesa kake, buga reload in 10 tukuna don rauta ta sake tashi da tsohon saiti bayan minti goma in ka rufe kanka, kuma kar kayi write, wato adana saitin, sai ka gwada, in komai lafiya kar ka manta da reload cancel.