Sharhi kan ƙunshin tsofaffin zane-zanen maɗaba'a: zanen ya yi kyau, masu sayarwar ba su san abin da suke sayarwa ba

Na sayi ƙunshin nan na tsofaffin zane-zane da aka kwafo daga littattafan samfur na kamfanonin zubin haruffa na Turai da Amurka, wanda duk mai aikin zane a kwamfuta ya sha cin karo da tallarsa. Farashinsa sananne ne, kuma ba zan ce ya yi tsada a kuɗin ƙasar masu sayarwa ba, amma wanda ya biya da naira a wannan canji na yanzu ya san ya fitar da kuɗi. Aikina shi ne tsara sitikar kwalabe, rasit, kalanda da katin gayyata kafin a kai maɗaba'a, kuma na daɗe da gajiya da hotunan nan masu ƙyalli da kowa ke saukewa kyauta, waɗanda suka sa sitikar mai zuma da ta mai sabulu suka zama kamar uwa ɗaya ta haife su. Abin da ya ja hankalina ke nan zuwa ga zanen baƙi da fari na mutanen da.

Littattafan da aka ɗebo zanen daga cikinsu kundin talla ne na masu zuba haruffan dalma. Mai maɗaba'a a ƙaramin gari ba ya da mai sassaƙa masa hoto, saboda haka sai ya buɗe kundin, ya zaɓi doki ko jirgin ruwa ko takalmi ko hannun nan mai nuni da yatsa, ya aika da lamba da kuɗi, a aiko masa da zubin hoton da aka daidaita tsayinsa da na haruffa, wato inci 0.918 a Ingila da Amurka, domin a ɗaure su tare a buga su a lokaci guda. Al'adar fitar da samfur ta daɗe, domin takardar samfur ta William Caslon, mai zuba haruffa a Landan, ta fito tun 1734, kamfanin Binny da Ronaldson na Filadelfiya ya fitar da kundin adonsa a 1809, kuma bayan kamfanoni 23 sun haɗe sun zama American Type Founders a 1892, kundinsu na 1923 ya haura shafi 1,000 kuma an buga kwafi 60,000. Masu sayar da ƙunshin sun ce daga irin waɗannan kundaye suka tsamo kayansu, kuma duk wanda ya taɓa duba kwafin tsofaffin kundayen zai gane cewa a nan gaskiya suka faɗa.

Farkon buɗewa, gaskiya na ji daɗi har na fara yi wa abokan aiki talla. Akwai wani zanen amya da ƙudan zuma ke kewaye da ita, wanda idan aka ƙara girmansa a allon kwamfuta ana ganin kowane zagaye na saƙar ciyawar an fitar da shi da siraran layuka farare, inuwar gefen hagu kuma an yi ta ne da ƙara kaurin layin kaɗan kaɗan, ba da shafa launi ba. Wannan ita ce hanyar da masassaƙin hoto Thomas Bewick na Newcastle a Ingila ya ɗaukaka a ƙarshen ƙarni na 18, inda ake yanka itace mai tauri a gicciye a sassaƙa fuskarsa da ƙarfe mai tsini, daga baya kuma, tun wajen 1840, aka riƙa kwafe sassaƙen da jan ƙarfe ta hanyar lantarki domin a samu ɗaruruwa daga asali ɗaya. Na yi amfani da amyar a sitikar wata Hajiya mai sayar da zuma, tawada baƙa a kan takarda mai ruwan ƙasa, kuma sitikar ta fita fes, ta kuma yi arha wajen bugu tunda launi ɗaya ne. A lokacin da an tambaye ni, da taurari biyar zan ba su ba tare da wani tunani ba.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne a gaban abokin ciniki. Wani Alhaji mai motocin haya da jigilar kaya yana son a sabunta masa kan rasit da takardar shaidar karɓar kaya, ya kuma ce yana son wani abu mai kama da na da, wanda zai nuna cewa kamfanin ba jiya aka kafa shi ba. Na buɗe masa rukunin da masu ƙunshin suka ware wa tafiye-tafiye da sufuri, muna wucewa ta kan jiragen ƙasa masu hayaƙi, keken doki, akwatuna da jiragen ruwa masu filafilai, sai ya ɗora yatsa a kan allo ya ce, "Tsaya, Malam, wannan ya yi. Ga mutum nan da ƙunshinsa ya kama hanya." Hoton ƙarami ne: baƙin mutum, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya cikin sauri, ya saɓa sanda a kafaɗa, an ɗaure ƙullin tsumma a ƙarshenta. Kusa da shi kuma ga na mace, da ɗankwali da ƙullinta a hannu.

Na san hoton, kuma duk wanda ya taɓa duba tsofaffin jaridun jihohin kudu na ƙasar Amurka ya san shi. Shi ne zubin da ake sakawa a kan sanarwar cigiyar bawan da ya gudu. Ubangidan bawa zai je ofishin jarida ya biya kuɗi, a rubuta sunan da ya laƙaba wa mutumin, da tsawonsa, da tabon bulala ko yankan da ke jikinsa, da tukuicin da za a ba wanda ya kamo shi, sannan mai haɗa haruffa ya ciro wannan ɗan hoton daga aljihun tebur ya ɗora a gefe, kamar yadda zai ɗora hoton doki a kan cigiyar dokin da ya ɓace ko hoton gida a kan tallar gidan haya. Hoton ba na wani mutum ɗaya ba ne, shi ya sa ya yi wa kowa aiki: mutum dubu za a iya nema da fuska ɗaya. Kamfanonin zubi na arewacin ƙasar, a biranen da aka riga aka hana bauta, su ne suke ƙera shi suna jera shi a kundayensu da lamba da farashi kamar sauran kaya. Masu yaƙi da bauta na wancan zamanin sun lura da haka, har mujallarsu The Anti-Slavery Record da ke fita a New York ta sake buga hoton a 1837, ta kuma bayyana cewa a cikin birnin ake ƙera shi domin kasuwar kudu. An ci gaba da wannan ciniki, dokar kamo bayi masu gudu ta 1850 ta ƙara masa ƙarfi, har zuwa lokacin da aka soke bauta a ƙasar baki ɗaya a 1865.

Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ba matafiyi ba ne, bawa ne ya gudu ana cigiyarsa." Na yi masa bayani a taƙaice, ya janye hannunsa daga allon ya yi salati, sannan ya tambaye ni abin da ba ni da amsarsa a lokacin: me ya kawo irin wannan cikin kayan da ake sayar wa mutane su yi ado da su? Ya ce da bai zo wurin wanda ya sani ba, da yanzu hoton yana kan rasit dubbai, yana yawo daga tasha zuwa tasha da sunan kamfaninsa da lambar wayarsa a ƙasa. Daga ƙarshe jirgin ƙasa muka ɗauka, aikin kuma ya yi kyau, amma na ga ya rage sakin jiki da sauran zanen, duk wanda na nuna masa sai ya ce, "Shi kuma wannan mene ne tarihinsa?"

Ƙorafina ba a kan kasancewar hoton a cikin ƙunshin ba ne. Yana cikin kundayen asali, kuma mai koyar da tarihi ko mai tsara bangon littafi a kan bauta yana da buƙatarsa, cire shi ma wani nau'in ɓoye gaskiya ne. Abin da na ƙi shi ne a jefa shi tsakanin akwati da keken doki, ba gargaɗi, ba layi ɗaya na bayani, a kuma sayar wa duniya baki ɗaya, alhali an san da yawa daga cikin masu saye ba Amurkawa ba ne kuma ba su da dalilin sanin abin da yake nufi. Yaron da ke koyon aiki a wurina, wanda ke da hannu mai kyau amma bai taɓa ganin waɗancan jaridu ba, ya ce shi ma da shi kaɗai ne a shago da ya saka wa Alhaji ba tare da wani ɗar ba. Wanda ya tattara dubban hotuna ya karɓi kuɗin mutane a kansu, wajibinsa ne ya san abin da ke cikin kayansa.

Na rubuta musu wasiƙa cikin ladabi, na haɗa da hoton, na bayyana abin da yake, na kuma ba su shawarar su mayar da shi rukuni na daban tare da bayani. Amsar da ta zo irin wadda ake tura wa kowa ce: sun gode da saƙona, suna alfahari da ingancin kayansu, ga kuma rangwame idan ina son ƙunshi na biyu mai furanni da tsuntsaye. Na sake rubutawa, sai wani ya amsa da cewa duk hotunan sun fita daga haƙƙin mallaka, ina da damar amfani da su yadda na ga dama. Ban tambaye su haƙƙin mallaka ba. Wannan amsar ta fi ta farko ɓata mini rai, domin ta nuna an karanta wasiƙar amma ba a fahimci abin da ake magana a kai ba, ko kuma an fahimta an ga bai kai a damu ba.

Daga nan ne na koma na dubi sauran ƙunshin da idon da ba na masoyi ba, sai abubuwan da na kau da kai daga gare su da farko suka dawo. A kundayen asali kowane hoto yana da lamba da farashi a ƙarƙashinsa, shafin kuma yana cikin littafin da ke ɗauke da sunan kamfani da gari da shekara. Masu ƙunshin sun yanke duk wannan, sun bar hoto tsirara da sunan fayil irin su doki na ɗaya, doki na biyu. Ba yadda za a yi mutum ya san ko zanen Filadelfiya ne na shekarun 1840 ko na Landan ne na shekarun 1890, kuma wannan yankewar ita ce ainihin abin da ya haifar da matsalar da na faɗa, domin da an bar shafin yadda yake, da mai tsara rukunan ya ga abin da ke kewaye da hoton ya yi tunani.

Sai kuma fayilolin da suka ce ana iya ƙara musu girma ba iyaka. A nan an yi ha'inci ƙarara. Ba wanda ya zauna ya bi layukan da hannu, manhaja aka sa ta bi su da kanta, kuma duk mai aiki da manhajar zane ta CorelDraw ya san abin da hakan ke yi wa siririn layi. Na buɗe zanen wani bijimi domin kalandar mai sayar da abincin dabbobi, a ƙaramin hoto yana da kyau, amma da na ja shi zuwa girman fosta sai layukan wuyansa suka dunƙule suka zama baƙin tabo, idonsa ya koma alwatika, gashin jelarsa kuma ya kakkarye gunduwa gunduwa. Na koma kan hoton sikanin, sai na tarar an ɗauke shi a ɗigo 300 a kowane inci, wanda ya isa ga hoton kyamara amma bai isa ga zanen layi ba, inda masu bugu ke neman 600 zuwa 1,200. Amyar da na yaba ta tsira ne kawai saboda sitikar kwalba ƙarama ce. Ga maimaici kuma: gaggafar Amurka iri ɗaya na gani a rukuni uku da suna daban daban, wani wurin an juya ta ta kalli hagu don ta zama sabuwa, kuma duk an ƙirga ta cikin adadin da aka yi talla da shi.

Wani abin da ya ƙara mini takaici shi ne da yawa daga cikin kundayen nan suna nan kyauta a Internet Archive, wato shafin intanet da ke ajiye tsofaffin littattafai, cikakku, da shafukansu da lambobinsu da shekarunsu, ɗakunan karatu ne suka yi sikanin ɗinsu. Abin da na biya kuɗi a kansa shi ne wahalar yankewa da gogewa da tsarawa, kuma na yarda wahala ce ta gaske, domin wanda ya taɓa cire dattin tsohuwar takarda daga bayan zane ya san yini guda yana iya tafiya a kan hotuna kaɗan, ga data da wuta. Gogewar sun yi ta da kyau, wannan ba zan hana su ba. Tsarawar ce suka yi da ka, ita kuwa rabin kuɗin ce.

Har yanzu ina amfani da ƙunshin, amma ga ƙananan ayyuka kawai: adon gefen katin gayyata, hannun nuni a kan rasit, zakara da kifi da damin alkama a kan sitika. Duk hoton da ke da mutum a ciki na ware shi gefe, ba na nuna wa abokin ciniki sai na nemo shafinsa na asali na ga tallar da aka ƙera shi dominta, kuma a wannan binciken na ci karo da wasu zanen barkwanci na baƙar fata da na 'yan asalin Amurka da aka zuba cikin rukunin nishaɗi, su ma ba bayani. Taurari biyu na ba su, ɗaya don gogewa, ɗaya don amya. Sun aiko da sanarwar cewa an sabunta ƙunshin an ƙara sababbin hotuna, na sauke na duba rukunin sufuri, mutumin da sandarsa yana nan inda yake, tsakanin akwati da keken doki, sai dai lambar fayil ɗinsa ce ta canza.