Rabin fuloti a tsakiyar Kaduna: jerin ɗakuna ko bene?

A Tudun Wada, Unguwar Sanusi ko Badarawa, cikakken fuloti mai ƙafa 50 a 100 ya zama abin nema. Yawancin abin da ke zuwa kasuwa gidan gado ne da aka raba, ƙafa 50 a 50, wani lokaci a can ƙuryar lungu. Mai saye yana so ya zauna kusa da kasuwa da wurin aiki, ya kuma sa ɗan haya. To, me zai ɗora a kai?

Abin da aka fi sabawa shi ne jerin ciki da falo har jikin katanga. Shi ne mafi araha, kowane birkila ya iya shi, bulo inci 6 ya wadatar. Amma ɗakin da taga ɗaya gare shi, ita ma tana kallon bangon maƙwabci, ba ya shan iska. A zafin Maris da Afrilu, in wuta ta ɗauke, masu haya a waje suke kwana. Ruwan Agusta kuma, da yake an shafe ko'ina da siminti, ba shi da wurin nutsewa sai ya bi lungu.

Bene mai gida biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, yana ɗaukar iyali biyu a kan rabin filin, sauran ya zama tsakar gida: wurin shanya, wurin girki, har da bishiya ɗaya. Kowane ɗaki zai iya samun taga ta ɓangare biyu. Tsadarsa a fandisho take, da ginshiƙai, rodi da rufin kankare, kuma a nan ba a yi wa injiniya rowa. Wanda ya ce maka ai shi ya daɗe yana gini, ba sai an yi lissafin rodi ba, ka sallame shi. Akwai kuma maganar sutura, wadda masu zane kan manta: tagar sama in ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, rigima ce da ba ta ƙarewa. A ɗaga tagogin wannan ɓangaren sama da tsayin mutum, manyan su fuskanci cikin gidanka.

Ni dai abin da nake ba mai ƙaramin ƙarfi shawara shi ne na tsakiya: a zana benen tun farko, a zuba fandishonsa, a gina ƙasa da bulo inci 9, a bar gurbin matakala, a shiga. Sama sai kuɗi sun samu. Ɗora bene a kan ginin da ba a yi wa harsashinsa ba shi ke kawo tsagewar bango, ko abin da ya fi haka muni.

Bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a sa masa ɗan siminti, ya fi na siminti sanyi da rana, amma sai an samu maginin da ya saba da shi, an kuma fito da bakin rufi don kare shi daga feshin ruwa.

Abin da ya fi ba da wahala a ƙaramin fili shi ne rijiya da shadda. Ana so a bar aƙalla mita 15 tsakaninsu, alhali ƙafa 50 ɗin kanta mita 15 ce da 'yan kai. Sai ka zaɓi ɗaya, ka kuma tambayi inda maƙwabta suka haƙa tasu.

Kafin ka biya ko kwabo, ka bincika takardun filin a KADGIS, hukumar da ke rajistar filaye ta jihar, ka kai wa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, zanen don izinin gini. Su za su faɗa maka tazarar da za ka bari daga titi. In filin yana kusa da Kogin Kaduna ne ko bakin babbar kwata, je ka gan shi a watan Satumba, ka duba inda ruwa ya yi wa katangun maƙwabta shaida.