Digiri na Biyu a Tsara Birane: Wa Zai Biya, Kuma da Wane Kuɗi?

Yawancin masu neman digiri na biyu a fannin tsara birane da sunan jami'a suke farawa, sai sun sami gurbi sannan su shiga neman kuɗi. A wannan sana'a baibai ke nan. Mai tsara birane ba albashin injiniyan mai ko na ma'aikacin banki yake ɗauka ba. Yawanci ma'aikatar ƙasa da safiyo ce za ta ɗauke shi, ko hukumar tsara birane irin KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ko jami'a, ko kamfanin ba da shawara da ke jiran kwangilar gwamnati. Duka naira suke biya. Saboda haka kafin ka buɗe shafin kowace makaranta, ka san wa zai biya, da wane kuɗi, kuma idan bashi ne, da wane albashi za a mayar.

Bari mu fara da lissafin bashin, domin shi ke raba gardama. A ce ka ranci dala 40,000 da ruwan kashi 13 cikin ɗari, za ka biya cikin shekara 10. Duk wata za a cire maka kusan dala 597, kuma kafin ka gama ka biya sama da dala 71,000. Idan dala tana naira 1,500, kusan naira 900,000 ke nan a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. Kamfanoni irin su MPOWER da Prodigy Finance suna ba ɗaliban ƙetare rance ba tare da mai tsaya musu ba, amma ruwan yakan haura kashi 10, kuma lissafinsu ya ginu ne a kan cewa za ka zauna can ka ci albashin can. Ga kuma maganar riba, wadda ita kaɗai ta ishi da yawa daga cikinmu su ja da baya.

Abin da ya fi ruwan haɗari shi ne canji. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati bai kai naira 470 a dala ba; farkon 2024 ya wuce 1,500. Duk wanda ya tafi da lissafin biya kashi-kashi daga gida, kuɗin makarantarsa ya ninka uku yana zaune a aji. A 2024 an dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila saboda sun kasa biya a kan lokaci bayan faɗuwar naira, har maganar bizarsu ta taso. Ma'aunin da za a auna kowane zaɓi da shi ke nan: kuɗin da zai riƙe ka ya kasance irin kuɗin ƙasar da kake karatu, kuma wani ne ya ɗauki alkawarinsa a rubuce.

Da wannan ma'auni, babu wanda ya kama ƙafar shirin SPRING na Jami'ar Fasaha ta Dortmund a Jamus, idan aka haɗa shi da tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu. Shirin ya fara tun 1984, kuma da ma don ma'aikatan tsare-tsare na ƙasashe masu tasowa aka kafa shi. Shekara biyu ne, da Turanci ake koyarwa. Shekarar farko a Dortmund ake yin ta, ta biyu kuma a ɗaya daga jami'o'in da suke ƙawance da ita, cikinsu akwai KNUST ta Kumasi a Gana, da Jami'ar Ardhi ta Darussalam a Tanzaniya, da Jami'ar Filifin. Wannan rabon shi ne darajar shirin. A Dortmund kana tsakiyar yankin Ruhr, inda kwal da ƙarfe suka mutu aka sake wa garuruwan fasali. Za ka je Hörde ka ga tafkin Phoenix da unguwar da ke kewaye da shi a filin da masana'antar ƙarfe take a da. Sai ka dawo Afirka ta Yamma ka yi aikin fili a gunduma ta gaske, inda sarakuna ke da ta cewa a kan ƙasa, ƙididdiga ba ta cika ba, kuma kasafin kuɗi ba ya fita a kan kari. Wanda zai dawo ya yi fama da filayen awon igiya a bayan Kano, ko gine-gine a kan magudanan ruwa a Maiduguri, Kumasi za ta fi Landan koya masa aikinsa. Ga kuma unguwar Zango a Kumasi, ba za ka rasa wanda za ku gaisa da Hausa ba.

Tallafin da ake nema sunansa EPOS, ɓangaren DAAD ne na kwasa-kwasan raya ƙasa. Yana ba da alawus na Yuro 992 a wata, da inshorar lafiya, da kuɗin jirgi, da ɗan kwas na Jamusanci kafin a fara. Sharuɗɗansa biyu ne suke kayar da mutane: aikin shekara biyu cif bayan digirin farko, kuma digirin kada ya wuce shekara shida da kammalawa. Ka ga tazarar ba ta da faɗi. Wanda ya tsaya jiran ƙarin girma a ofis sai ya farga ƙofa ta rufe. Ana iya neman kwas har uku a jerin EPOS, a jera su bisa fifiko, kuma ana rufewa kusan shekara guda kafin fara karatu. Takardar wurin aiki sai ta zama a kan takarda mai tambarin ofis, da sa hannu da hatimi da kwanan wata. Takardar sakamakon jarrabawa daga jami'arka kuwa, fara bin ta tun wata huɗu kafin lokaci, kowa ya san yadda ofisoshin nan suke. A wasiƙar bayyana dalili kada ka cika ta da son ƙasa. Ka ɗauki matsala guda da ka taɓa da hannunka, misali shimfiɗar unguwa da aka amince da ita amma aka yanka filin makaranta da na kasuwa aka sayar, ka faɗi abin da ka kasa yi a kai da abin da kake son koyowa.

Shirin SPRING yana da nasa rauni. Guraben tallafin kaɗan ne, masu nema daga nahiyoyi uku suke. Sannan ya fi karkata ga tsara raya yanki da gunduma, ba zanen tituna da dandali ba. Mai son sitidiyon zane zalla ya nemi wani wuri. Idan ba ka sami DAAD ba kana son biya da kanka, yawancin jami'o'in gwamnatin Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa sai 'yan ɗaruruwan Yuro na zangon karatu, amma jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart take, tana karɓar Yuro 1,500 duk zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Ofishin jakadanci kuma zai nemi ka zuba Yuro 11,904 a rufaffen asusu na shekara guda, ana sakar maka 992 duk wata. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin yini 140 cikakku a shekara, amma a garin da ba ka jin harshensa kada ka ɗora abincinka a kan wannan. Kuma ka tambayi kuɗin shekara ta biyu a jami'ar ƙawancen tun kafin ka tashi.

Na biyu a wurina shi ne gida, kuma ba don a rarrashi kowa ba. ABU Zariya, da FUT Minna, da Jami'ar Bayero, da ATBU Bauci, da Jami'ar Ibadan duk suna da sashen tsara birane da yankuna. Da naira za ka biya, da aikinka a hannu, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da Dokar Tsara Birane ta 1992, waɗanda da su za ka yi aiki har ritaya, su ake karantawa a aji. Hanyar rajista da TOPREC, hukumar rajistar masu tsara birane, da shiga NITP, ƙungiyar 'yan sana'ar, ma a miƙe take. Abin da za ka biya da shi shi ne lokaci. Kwas ɗin wata 18 kan koma shekara uku, wani lokaci saboda yajin aiki (na ASUU a 2022 wata takwas ya ci), amma galibi saboda mai duba kundin bincike. Kafin ka sayi fom, nemi ɗaliban da ke ciki ka tambaye su abu biyu: mutum nawa aka ɗauka shekara uku da suka wuce, kuma nawa suka kare kundinsu. Ka kuma leƙa ɗakin kwamfuta. Idan GIS, wato aikin taswira da bayanan ƙasa a kwamfuta, a allo kawai ake koyar da shi, ka koyi manhajar QGIS da kanka, kyauta ce, kuma hukumomin filaye irin KADGIS ta Kaduna da AGIS ta Abuja wannan hannun suke nema. Mai HND yawanci sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri tukuna. Malaman manyan makarantu su nemi tallafin TETFund, hukumar asusun manyan makarantu, ta ofishin makarantarsu, sai dai ta dakatar da tura mutane ƙetare daga 2025. NELFUND, hukumar rancen ɗalibai, kuwa ba ta biyan karatun waje.

Ingila tana da kyau idan tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth ne ya biya, kuma sashen tsare-tsaren raya ƙasa (DPU) na jami'ar UCL ta Landan ya san biranen Afirka sosai. Chevening tana neman aikin awa 2,800 da alkawarin komawa gida na shekara biyu. Da kuɗin aljihu kuwa ban ga dalili ba: fam dubu ashirin zuwa sama da talatin na kwas ɗin wata 12, ga fam 776 na lafiya a shekara, ga shaidar kuɗin zama na wata tara, kuma tun Janairun 2024 mai irin wannan digiri ba ya tafiya da iyali. Amurka shekara biyu ce, kuma ba ta da amfani sai an ba ka aikin taimaka wa malami wanda ke ɗauke kuɗin koyarwa gaba ɗaya. A wannan fanni irin guraben nan sun fi zuwa ga masu digiri na uku, ga shi kuma tun 2025 bizar Amurka ta tsananta ga 'yan Najeriya da Nijar da Cadi da Sudan. Cibiyar nazarin gidaje da birane ta IHS a Rotterdam ta ƙasar Holan, kwas mai kyau, kuɗi mai zafi. Erasmus Mundus, tallafin Tarayyar Turai, na ba da Yuro 1,400 a wata, a jefa takarda, ba a san inda rabo yake ba. 'Yan Nijar da Cadi da Kamaru masu Faransanci suna da EAMAU a Lome, makarantar haɗin gwiwar ƙasashe ce da gwamnatocinsu ke ciki.

Sauran maganar ta masu cin kuɗin mutane ce, kuma a nan aka fi yin asara. DAAD da Chevening da Commonwealth ba sa karɓar ko kwabo na nema, ba su da wakili a WhatsApp, ba su da "kason Arewa" da wani zai saya maka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin tantancewa ɗan damfara ne, ko da tambarin hukumar yana kan takardarsa. Duba adireshin shafin harafi-harafi, kuma ka rubuta shi da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo.

Ejan na gaskiya ma ba naka ba ne. Jami'a ce take ba shi kamasho a kan kowane kai, shi ya sa ba zai taɓa ambata maka SPRING ko ABU ba, can babu la'ada. Zai kawo maka wasiƙa mai cewa ka ci tallafin fam 3,000. Ragi ne, irin na ɗan kasuwa. Ka cire shi daga jimla ka ga abin da ya rage a wuyanka. Sai ya matsa maka ka biya kafin alƙalami kafin mako ya ƙare. Kada ka biya sai ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan an hana biza, kuma asusun jami'a za ka tura wa kai tsaye, ba na ejan ba. Imel ɗin da aka yi neman da shi ya zama naka, kalmar sirri a hannunka, in ba haka ba ranar da kuka saɓa ya riƙe maka gurbi.

Akwai kuma masu hayar kuɗi, su zuba maka miliyoyi a asusu na kwana 28 ɗin da Ingila ke nema, ka biya su kaso, su kwashe. Ko ta wuce a ofishin biza, ka sauka ba ka da kuɗin haya. Idan kuma takardar bankin ƙirƙirarta aka yi aka gano, haramcin shiga na iya kai shekara 10, kuma kai za a rubuta wa, ba shi ba. Haka sakamakon IELTS na saye: jami'o'i suna tantance lambar kai tsaye daga masu jarrabawar.

Makarantar kanta ma a bincike ta. A farkon 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin mako shida, kuma hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta sha yin gargaɗi a kan Arewacin Sayifurus. Duba ko masu tantance kwasa-kwasan sun amince da shi: a Ingila jerin RTPI, a Amurka jerin PAB, a gida kuma NUC, hukumar jami'o'i, da TOPREC. Suna mai kama da tsara birane ba ya wadatarwa. Kwas mai suna "birane masu ɗorewa" na iya zama ba shi da sitidiyo ko dokar ƙasa ko ɗaya, ka dawo da kwali hukuma ta ƙi yi maka rajista. Ka rubuta wa TOPREC da sunan kwas ɗin da jerin darussansa kafin ka biya komai, ka ajiye amsar.

Idan wasiƙar tallafi ta zo, ka nemi abu biyar a cikinta: shekara ɗaya ta ɗauka ko biyu, kuɗin koyarwa duka ne ko rabi, ana biyan alawus a watannin hutu, wane maki ne idan ka gaza shi za a yanke, da kuma wa ke biyan inshora da biza da jirgi. Abin da ba a rubuta ba, aika imel ga ofishin sashen ka nemi a rubuto. Ma'aikacin gwamnati kuma kada ya sayi tikiti sai takardar hutun karatu da albashi ta fito da sa hannu, ya kuma karanta yawan shekarun da zai yi wa ma'aikatarsa aiki bayan ya dawo.