Hattara da masu allurar karnuka na bogi da ke yawo gida-gida a Legas

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga 'yan uwanmu masu gadi a Lekki, Ikoyi, Magodo da Ikeja, da duk wanda ya ajiye kare don tsaron gida ko shago a Agege, Idi-Araba da Mile 12. Daga watan Maris zuwa Mayu, da zarar ruwan farko ya sauka, kaska da ƙuma kan taso wa karnuka, kuma daidai lokacin ne wasu ke fitowa da farar riga da jaka a kafaɗa suna kiran kansu likitocin dabbobi.

Sukan auna lokacin da maigida ya fita aiki. Sai su ce wa mai gadi gwamnati ce ta turo su, duk karen da ba a yi wa allura ba za a kwashe shi a ci tarar gidan. Wani lokaci kuma su ce maigidan ne da kansa ya kira su. Su yi allura, su wanke kare da wani ruwa mai wari, su karɓi kuɗi a hannu ko a tura musu a asusun wani mutum. Washegari ka kira lambar, a kashe.

Ku dubi inda kwalbar allurar ta fito. Rigakafin haukan kare ba ya jure zafi, ana ajiye shi ne a sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 8 ba, tun daga inda aka yi shi har zuwa jikin dabba. Ko wanda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, ko wanda aka shigo da shi daga waje, ƙa'idar ɗaya ce. Kwalbar da ta yini a aljihu cikin cunkoson titin Ikorodu ba a dogara da ita, ko da a ce asalinta mai kyau ce, balle wadda aka kankare takardar jikinta.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Gidan da aka yi wa wannan damfara sai hankalin kowa ya kwanta. Ranar da karen ya ciji yaron maƙwabta ko almajirin da ya leƙo ƙofa, sai a ce ai an yi masa allura, a shafa man zafi a bar zancen. Alhali ciwon haukan kare in alamominsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a rayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan duk ta hanyar kare ake ɗauka. Wallahi wanda ke sayar da irin wannan allura da ran mutane yake wasa.

Ruwan wankan ma bai da tabbas. Wasu maganin ƙwari ne irin ota-piapia suke sirkawa. Kaska za ta zube kuwa, amma in ka ga kare yana dalalar da miyau, jikinsa na rawa, yana amai ko zawo, guba ce ta shige shi. A wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a sa safar hannu, a garzaya da shi asibitin dabbobi. Sau da yawa laifin kan mai gadi yake ƙarewa, bawan Allah ya rasa aikin da yake ciyar da iyali a gida.

Likitan gaskiya yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, VCN, yana da asibitin da za ka iya zuwa ka same shi. Zai zo da akwatin ƙanƙara, ya fasa sabuwar allura a gabanka, ya rubuta kwanan wata da lambar maganin a katin kare ya sa hannu. Ɗan kwikwiyo kan fara rigakafin cututtuka irin su fabo mai sa zawon jini tun yana da mako 6 zuwa 8, na hauka kuwa in ya kai wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jiha a Oko-Oba, Agege, kuma ma'aikatar noma kan yi gangamin rigakafi kyauta lokaci zuwa lokaci, da sanarwa a fili.

In sun riga sun taɓa karenku, ku gaya wa maigida yau, a kai shi wurin likita a sake allurar. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, da kati ko babu kati. Malam mai gadi, in sun ƙwanƙwasa kada ka buɗe, ka kira maigida a waya suna tsaye a waje, ka ce su nuna katin aikinsu ta tagar ƙofa.